Samarin zango, bana a bar ƙusa da fenti a gida

Assalamu alaikum ƙannena na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo a Kumasi. Na san tuni kowane base, wato majalisar samari, ya fara karo-karon kuɗin mota, bayan Sallah za a Kintampo wajen ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, to ba laifi ku je ku huta Allah ya kai lafiya, amma wannan halin na kankare dutse don Allah ya isa haka. Wani ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa da na budurwarsa, wani ya fesa sunan base ɗinsu da fenti, ledar fiyawata kuwa sai ta bi ruwan kogin Pumpum ta je ta maƙale a duwatsu.

Yawancinmu ba mu san Kintampo da komai ba sai inda motar Tamale ke tsayawa a ci soyayyar doya a wuce. Alhali a ƙarƙashin duwatsun yankin nan mutane sun yi zama kusan shekara 4000 da suka wuce, tun shekarun 1960 masu binciken tarihi ke tona wurin, sun samu fasassun tukwane da ƙwarar manja da ƙashin awaki da gatarin dutse irin wanda tsofaffi ke cewa gatarin aradu, har da wake, eh wake dai wannan da ake dafa mana waakye kullum da safe. To ɗan ɓarin tukunyar da ka tsinta a gindin dutse ka jefa a aljihu wai tsaraba, da ka ɗaga shi daga inda yake kwance shi ke nan ka ɓata lissafi, babu mai iya sanin zamaninsa kuma, kai ma kwana biyu za ka yar.

Kuma garin nan namu ne ma fa. Bayan Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874 cinikin goro ya karkata, Kintampo ta zama babbar kasuwa, fatake Hausawa suka cika ta da jakunansu.

Na san wani mai baki zai ce ai mutanen da ma zane suka yi a dutse. Haka ne. A Birnin Kudu can Jigawa a Najeriya akwai zanen shanu da jan launi a jikin duwatsu, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kora yanzu ba, da wannan zanen ake gane irin dabbar da aka taɓa kiwo a ƙasar. Kai naka rubutun me za a gane da shi banda cewa ka iya ɓarna? Kuma fenti in ya shiga dutse ko an wanke sai ya bar tabo.

Sai maganar rai. A watan Maris 2017 iska da ruwan sama suka kayar da ƙatuwar bishiya a kan masu wanka a wajen ruwan Kintampo, kusan mutum 20 suka rasu yawancinsu 'yan makaranta, Allah ya kiyaye na gaba. In hadari ya haɗu masu tsaron wurin suka ce a fito, a fito kawai, ba sai an tsaya ana wai bari in ɗauki hoto ɗaya ba.

Shugabannin base wannan aikinku ne, ku sa buhu biyu a but ɗin mota na kwashe shara, wanda aka gani da gwangwanin fenti a karɓe tun a tasha.