Na fita ba da nono, na dawo an wuce sunana

Ranar Litinin da ta wuce na je wani biro nan cikin Damagaram karɓar takardar haihuwar ɗana. Ba zan kama sunan wurin ba, don ba su kaɗai ke yin haka ba. Tun ƙarfe 8 nake tsaye da goyon wata huɗu, benci ɗaya ne tal, maza kuma sun cika shi. Wajen 11 yaro ya tsala kuka. Na kwanto shi zan ba shi nono a bakin ƙofa, sai mai gadi ya ce: "Hajiya, fita da shi waje, yana hana mutane aiki." Na fita, na tsuguna jikin katanga inda guntuwar inuwa ta rage. Ko da na dawo an kira sunana an wuce. Wai sai gobe.

Kuɗin kabu-kabun da na yi asara bai dame ni kamar rainin ba. A asibiti ungozoma ta ja mini kunne: nono zalla har wata 6, ko ruwa kar ya sha. Haka hukumar lafiya ta duniya OMS da UNICEF suke cewa, haka rediyo ke maimaitawa duk makon farko na Agusta. Kafin su duka, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. To jaririn da ba ya shan komai sai nono, wa zan bar wa shi a gida? Duk inda na sa ƙafa yana bayana, in zafi ya tsananta kuma bini-bini yake nema.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da awa ɗaya kowace ranar aiki don shayarwa har yaro ya shekara. Madalla. Amma wannan ta wadda ke zaune bayan tebur ce. Mu da ke tsaye gaban taga, mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinki da wadda ta taso daga ƙauye tun asuba, wa ya tuna da mu? Ku leƙa harabar kotu ranar da ake shari'ar saki ko ta ciyar da ƴaƴa, ku ga goyo nawa ke jiran a kira uwarsa.

A Amurka, a 2019, sun yi doka cewa wasu gine-ginen gwamnatin tarayya da jama'a ke shiga sai sun ware wa masu shayarwa ɗaki mai tsabta, kuma an hana ya zama ban ɗaki. Can ana kiran talakawa su zauna a kotu su saurari shari'a su yanke ko mutum yana da laifi, kuma wasu jihohin suna ɗaga wa mai shayarwa ƙafa har sai ta samu sarari. Na san wani zai ce ina ruwanmu da Amurka, mu da ko ruwan famfo sai mun bi dare. Gaskiya ne. Damuwarsu ma daban take, su da yawa idon jama'a suke gudu. Mu a Kasuwar Dole mace na ba da nono ƙarƙashin hijabinta tana ciniki, ba mai ɗaga kai.

Ni ban nemi ɗaki mai sanyi da firji ba. Rumfa, benci, randar ruwa, sannan in mace ta fita shayarwa a riƙe mata wurinta a layi. Wannan na ƙarshen ko dala ba ya ci.

Talata na koma. Yaro ya sake kuka a daidai lokacin jiya, ga mai gadin nan dai. Wata tsohuwa da ke bayana ta karɓi takardata ta ce: "Je ki, ɗiyata, in sun kira ki ni zan amsa." Da aka kira, muryarta har bakin titi na ji ta.