Garin da ya jingina cikinsa da shagon wiwi

Tun kafin wani ya zo ƙasan rubutun nan da fatawa: ba na shan wiwi, ba na son ɗana ya kusance ta, kuma a Najeriya har gobe laifi ce, NDLEA na nan. Magana nake kan Amurka, inda jihohi da dama suka halatta ta, aka bar ƙananan garuruwa da tambaya: mu ba da lasisin buɗe shago ko mu hana?

A jihar Kolorado, jama'a sun kaɗa ƙuri'ar halatta ta a 2012, aka fara sayarwa ranar 1 ga Janairu, 2014, ga mai shekara 21 zuwa sama. Amma dokar ta bar wa kowane gari ikon cewa a'a.

Akwai wani gari can kudancin jihar, Tirinidad (ba tsibirin nan ba), mai mutane kusan 8,000. Da haƙar kwal ya tashi, da kwal ya mutu sai gari ya yi sanyi. Arzikinsa ɗaya shi ne yana bakin babbar hanya, kilomita 20 da 'yan kai daga iyakar jihar Niyu Meziko, inda a lokacin ba a sayar da ita sai ga majinyata. Gari ya buɗe ƙofa. Kafin ka ce kwabo shaguna sun haura 20, wasu ma gini na jingine da gini. Ka tsaya ka dubi motocin da ke ƙofa, lambobin Niyu Meziko ne da na Tegzas. A bakin ƙofa a duba katin shaidarka, a ciki kaya na cikin kwalabe da takardar awo a jiki, ga na'urar cire kuɗi a lungu, don cinikin yawanci da tsabar kuɗi ne: dokar tarayya ba ta halatta ba, manyan bankuna na ɗari-ɗari. Haraji ya shigo, aka gyara tituna, tsofaffin gine-gine suka samu masu haya.

Sai ranar 1 ga Afrilu, 2022, Niyu Meziko ta buɗe nata shagunan. Wa zai ƙona mai ya haye tsauni don abin da ke bayan gidansa? Ciniki ya faɗi, wasu shagunan suka sa kwaɗo. Ashe kayan aro ne, ba ya rufe katara. Manitu Sifirins, wani ƙaramin gari a Kolorado, shi ma haka: shagunansa biyu sun yi shekaru suna cin kasuwar ƙaton birnin da ke maƙwabtaka, Kolorado Sifirins, har shi ma ya fara sayarwa a 2025.

Abin da ke ba ni haushi ke nan idan na ji ana cewa "ai haraji zai gina mana gari". Kuɗin ba na garin ba ne, na hanin da maƙwabci ya yi ne, kuma maƙwabci na iya sake shawara a zaɓe ɗaya.

Masu cewa a hana baki ɗaya ma ban ba su gaskiya duka ba. Idan jiha ta halatta, hana shago ba ya fitar da wiwi daga gari. Mai sha zai tuƙa zuwa gari na gaba, ko ya koma wurin dillalin lungu, wanda ba ya tambayar yaro shekarunsa. Mai lasisi kuwa yana da abin da zai rasa.

Da ni ne a majalisar irin wannan gari, da an kawo maganar haraji sai in ce a ajiye ta gefe tukuna. A fara ƙirga mashayan da ke cikin garin, ban da baƙi. Idan shago ɗaya ya ishe su, a ba da lasisi ɗaya, nesa da makaranta, a sa lokacin rufewa. Abin da aka samu a zuba shi a aikin da ake yi sau ɗaya a gama, kamar kwalbati ko bututun ruwa. Kada a ɗauki ma'aikaci ko ɗaya da albashinsa zai dogara da shi.