Zaman gida ba binne baiwa ba ne

Na karanta wani rahoto da ke cewa mace mai ilimi da ta zaɓi zama a gida tana binne baiwarta, kuma ina ganin marubucin bai taɓa lura da abin da ake yi a gida daga asuba zuwa dare ba. Shekara tara ke nan ina renon 'ya'ya uku, kuma ban taɓa yin aiki da basirata kamar yanzu ba. Makon jiya na yanka tsohon labule na ɗinka wa autata riga, tana zaune kusa da ni tana fama da zura zare a allura, sai ta tambaye ni ko Allah ma ya auna mu kafin ya yi mu. Hirar da ta biyo baya ta ɗauke mu har rigar ta ƙare.

Matar da aka yaba a Littafi Mai Tsarki, cikin littafin Karin Magana sura 31, ba ta naɗe hannu ba: tana aikin ulu da lilin, tana sayen gona ta dasa inabi, har tufafi take sayarwa. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa zuwa ga almajirinsa Timoti (2 Timoti 1:5), ya ce bangaskiyar Timoti ta fara zama ne a zuciyar kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki.

Gajiya kam akwai ta, domin akwai daren da nake wanke kwanoni ina hawaye. A nan ne kaɗai na yarda da marubucin, cewa mazaje da yawa ba sa ganin nauyin aikin, balle su sa hannu.