Yadda Na Zama Boka A Birnin Leeds

Tunda labarin ya riga ni isa Kano, kuma an ƙara masa gishiri har ana cewa na yanka baƙin zakara, gara in faɗi yadda abin ya faru da bakina.

A gidan da muke haya a Leeds akwai wata Baturiya a ɗakin sama mai karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Tana da wata karta da ake kira tarot, wadda take naɗewa a ƙyallen siliki, kuma ranar da na fara ganinta na ce mata a wajenmu wannan sunansa duba, ba ni ba shi. Ta ce ita ba ta duba wa kowa gobensa, abin madubi ne kawai: mutum ya zari kati ya kalli hoton, duk abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da ke cin ransa. Da na tsaya a nan da na huta. Amma ni ba na iya ganin abu ban karance shi ba, in kuma na karanta bakina ba ya rufuwa, don haka na kwana biyu ina tono a intanet, kafin Asabar ɗin da 'yan uwa suka zo cin tuwon semo da miyar kuka na riga na cika na batse.

Ana kwashe kwanuka na aro kartar, na gyara zama, na fara ba da darasin da babu wanda ya roƙa. Na ce musu kati 78 ne, guda 22 su ne manya masu hotunan sarki da mutuwa da shaiɗan da rana da wata, sauran 56 kuma sun kasu gida huɗu, wato sanduna da kofuna da takubba da tsabar kuɗi. Na ce asalinta arewacin Italiya ne wajen shekarar 1440, a fadojin Milan da Ferrara, kuma wasa ce kawai kamar yadda muke buga Whot a zaure. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya tashi ya ce ai asirin bokayen Masar na dā ne aka ɓoye a cikin hotunan, alhali a lokacin babu mai iya karanta rubutun Masarawan ko harafi ɗaya. Wadda ke hannuna kuwa a Landan aka fara buga irinta a 1909, wata mace mai suna Pamela Colman Smith ce ta zana hotunan. Ɗan Italiyan gidanmu, wanda ya shigo ɗibar ruwan zafi ya maƙale, ya gyaɗa kai ya ce kakansa a Bologna har yanzu yana buga irinta da tsofaffi 'yan uwansa. Wannan gyaɗa kan shi ya ƙarasa kumbura min kai.

Na ce ba duba za mu yi ba, Allah ya tsare, tunani za mu yi, kowa ya zari kati ɗaya in fassara masa alamomin. Wani ɗan Zariya daga cikin baƙin ya miƙo hannu, da sauran maiƙon miya a yatsunsa, ya zaro ɗaya ya ba ni.

Na duba, sai na ga saurayi tsaye a kan ƙafa ɗaya, ɗayar ya lanƙwashe ta a bayan gwiwa, hannayensa a baya, fuskarsa a sake, ga wani haske ya kewaye kansa. Na yi gyaran murya irin ta malamin da ya zo wurin da ya fi ƙwarewa. Na ce wannan mai rawa ne, kuma tsayuwa a ƙafa ɗaya alama ce ta mutumin da ya sauke nauyi daga zuciyarsa. Na ce hasken da ke kansa farin ciki ne mai zuwa, jan wandon nan kuwa zafin soyayya ne, shuɗiyar rigar kuma kwanciyar hankali. Har na juya na kalli Ɗan Zariya na ce ya binciki zuciyarsa, wataƙila maganar auren da yake ta ja da baya a kanta ce take masa rawa a ciki. Na yi kusan minti biyar ina zuba, ina ɗaga yatsa, mutane sun yi tsit, ni kuma na ɗauka ilimi ne ya dake su.

Baturiyar ba ta ce uffan ba. Ta taso daga bakin tagar, ta sa yatsa biyu ta karɓi katin a hankali kamar mai cire wa yaro wuƙa, ta juya shi, ta mayar min a hannu. Sai ga mai rawata a rataye da ƙafa ɗaya a jikin itace, kansa a ƙasa. Lambar Romawa ta 12 ga ta a sama, sunan katin ga shi ɓaro-ɓaro a ƙasa, Wanda Aka Rataye, rubutun da na yi minti biyar ina kallo a kife ban lura ba. Abin da na ce dandalin rawa ne ashe reshen da aka ɗaure shi ne.

Dariyar da aka yi har maƙwabcinmu ya buga bango. Na yi ƙoƙarin tsira, na ce ai a wajen masu abin kati in ya fito a juye yana da tasa fassarar, wanda kuma gaskiya ne, amma Baturiyar cikin ladabin nan nasu mai kashe mutum ta ce daidai ya fito, ni ne na juya shi da hannuna. Don in kawar da zancen na ce to bari in zari nawa, tare da tuna musu cewa duk abin da mutum ya zara madubinsa ne. Na zaro, na ajiye a tebur a gaban kowa. Saurayi ne ya ɗaga kai sama yana kallon gajimare, da ƙunshi a sanda da farar fure a hannu, ƙafarsa a bakin wani rami mai zurfi, wani ɗan farin kare yana ta yi masa haushi. Lambarsa sifiri, sunansa Wawa. Wannan karon ban juya shi ba, kowa ya karanta.

Abin da har yanzu yake min ciwo shi ne Ɗan Zariya. Mutumin da ya cinye rabin naman miyar, wanda tukunyata ta yi wata huɗu a gidansa, wanda ni na raka shi ya yi rajistar likita lokacin da ko motar haya bai san yadda ake shiga ba, ashe tun daga maganar mai rawa yake ɗaukata a wayarsa. Bai tura wa abokai ba, sai ya tura wa ƙanwarsa, ita kuma a danginmu take aure. Ɗan Italiyan ya gaya mana a daren cewa a ƙasarsu a dā maciya amana ake zana wa hoto a rataye da ƙafa ɗaya don a kunyata su, har wasu na kiran katin Maci Amana. Ni dai ban yarda da duba ba, amma kowa ya ga wanda ya zari wannan katin da hannunsa mai maiƙo.

Da asuba Hajiya ta kira. Ko gaisuwa ba ta amsa ba ta ce, “Auta, ashe bokanci muka sayar da fili ka tafi karantowa?” Na ce, “Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ba duba ba ne, tarihi nake musu bayani, asalinsa ma karta ce.” Ta ce, “To caca ke nan.” Ta tuna min hadisin wanda ya je wurin mai duba ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, ta ce wannan na wanda ya je ne, ni da aka zo wurina sai in yi wa kaina lissafi. Na yi istigfari a waya da ƙarfi yadda Kawu, wanda nake jin tarinsa a gefe, zai shaida.

Daga baya na gano cewa shi kansa Court de Gébelin ya ce masu buga karta ne suka kife hoton bisa kuskure, har ya sa aka zana mutumin a tsaye a kan ƙafa ɗaya. Na tura wannan hujja zaurenmu na WhatsApp da ƙarfe biyu na dare, mutum goma sha ɗaya suka karanta, babu wanda ya tanka sai Ɗan Zariya, wanda ya tambaya ko Malam zai duba masa ranar da zai dawo da tukunyar.