Jerin sunayen masu ba 'yan siyasa kuɗi: da me za a auna shi?

Tun kafin zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba 2025 har bayansa, takardu sun yi ta yawo a WhatsApp daga Garwa zuwa Marwa da Ngaundere: jerin sunayen attajirai da miliyoyin da aka ce kowa ya zuba wa wani ɗan takara, ko hoton saƙon tura kuɗi ta Orange Money. Masu yaɗawa kan ce ai ko a Amurka ana wannan zamba. Zargin yana can kam, amma yadda ake auna shi a can ba mu da irinsa a nan.

A Afrilu 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin a binciki ActBlue, dandalin da 'yan Demokrat ke tara gudummawa ta intanet, bisa zargin ana karkasa manyan kuɗi ana shigar da su da sunayen wasu mutane. Umarnin bincike ba hukunci ba ne. Sai dai FEC, hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓe a Amurka, tana wallafa suna, gari da sana'ar duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200, abin da ya bi ta ActBlue kuwa ko dala 1 ce sai an rubuta. Saboda haka ɗan jarida zai iya buɗe rajistar, ya nemi mai sunan, ya gwada da takardar bankinsa. Sunan tsoho guda ya fito sau ɗaruruwa abin tambaya ne, amma bai isa hujja ba: dala 10 da aka raba wa 'yan takara biyar layi biyar ce, mai biyan wata-wata yakan manta ya amince da hakan, kuma mai lissafi da gaggawa yakan haɗe masu suna ɗaya.

A Kamaru abin da ke fili shi ne kuɗin gwamnati. Dokar zaɓe ta 2012 ta ɗora wa mai neman shugabanci ajiyar sefa miliyan 30, ta kuma kasa tallafin yaƙin neman zaɓe gida biyu: rabi daidai wa daida bayan fitar da sunayen 'yan takara, rabi ga waɗanda suka sami aƙalla kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Abin da ɗan kasuwa ya bayar daga aljihunsa kuwa, babu rajistar da talaka zai buɗe ya gani. Ko adadin da ake shelantawa a taron tara kuɗi sau da yawa alkawari ne, kuma alkawari a bainar jama'a daban, kuɗi a hannun ma'aji daban.

To, sai a koma kan takardar kanta. A tara alƙaluman a gani ko sun kai jimillar da ke ƙasa, don mai ƙirƙirar ƙarya ba kasafai yake haƙurin lissafi ba. Lambar wayar hannu a Kamaru alƙaluma 9 ce, tana farawa da 6. Saƙon Orange Money ko MTN MoMo yana ɗauke da lambar shaidar ciniki, hoton da aka yanke wurin ko aka shafe shi bai cancanci kallo na biyu ba. A sa hoton a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, wani lokaci sai a tarar ya girmi zaɓen da shekaru. Hatimi kuwa kada ya ruɗi kowa, yaron da ya iya kwamfuta zai kwafo shi cikin minti biyar.

Sannan kafar da ta kawo labarin. Ta faɗi inda ta samo takardar? Ta tuntuɓi wanda ake zargi, ta kawo amsarsa? Shafuka goma da suka kwafi rubutu ɗaya, har da kuskuren rubutunsa, majiya ɗaya ce. Wannan ma'auni ya hau kan CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, kamar yadda ya hau kan shafukan 'yan adawa na ƙetare.

Mai turawa ma ya san inda ya tsaya. Sashe na 78 na dokar laifukan intanet ta Disamba 2010 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ya kasa tabbatarwa, kuma bai ware wanda ya ce shi ma turo masa aka yi ba.