Rataye tsako da ƙafa ba ilimi ba ne

Wai har akwai masu cewa in yi wa mutumin nan da ya sayar wa gwaggona 'yan tsaki uzuri. Uzurin me? Gwaggona ta kwashe adashinta na wata huɗu ta sayi 'yan tsaki 50 a bakin titi wajen Kawo, a kan duk mata ne masu ƙwai. Yau sati takwas, 41 sun fito da zanko jajir, wasu har sun fara gwada cara da shaƙaƙƙiyar muryar nan kamar ta yaro mai shirin balaga. Ga buhunan abinci da suka lashe, ga kuɗin rigakafi, ga gawayin ɗumama su da dare.

Kuma ku ji yadda farfesan ya tantance mata su. Ya kama tsako ta ƙafa ya rataye shi, kai a ƙasa. In ya lanƙwaso kai sama, mace ce. In ya yi lamo, namiji. A haka duk hamsin ɗin suka ci jarrabawa. Ikon Allah!

Jama'a, ba a gane tsako ta rataye shi. Ba a gane shi da allura da zare. Ba a gane shi da tsinin ƙwan da ya fito daga ciki. Kar wani ya zo mini da "ai kakata tana ganewa". Allah ya jiƙan kakarka, amma abu biyu ne kacal, ko mace ko namiji. Ko makaho ya yi ta canka zai dace a rabi, sauran rabin kuma ba mai tunawa.

Masu aikin na gaskiya dubura suke dubawa, tun tsako yana kwana ɗaya. Wasu masana biyu 'yan Japan, Masui da Hashimoto, su suka fitar da hanyar a rubuce a 1933, kuma har yau sai mutum ya daɗe a hannun gwani kafin idonsa ya iya raba ɗan tudun da ke ciki mai nuna mace ce ko namiji. Kar ku gwada a gida, matsa kaɗan ya wuce kima tsakon ya tafi. Akwai kuma irin da aka haɗa musamman don launi ya nuna. Irin da ake kira ISA Brown, macen ja-ja take fitowa, namijin fari-fari. Baƙaƙen nan masu ƙwai, namiji yana da ɗigon fari a ka. Wasu irin kuma fiffike ake buɗewa a kwanan farko, na mace gashin dogo da gajere, na namiji kai ɗaya. Kajinmu na gida dai babu ko ɗaya daga cikin alamun launi da fiffiken nan da za ka dogara da shi, sai ka jira sati huɗu zuwa shida zanko ya yi magana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an riga an raba su tun daga inda aka ƙyanƙyashe su, kafin mota ta taso daga Ibadan. Kwalin mata daban da tsadarsa, kwalin zakaru daban, arha kamar kyauta. Mutumin nan ya san kwalin da ya saya. Ratayen duk wasan kwaikwayo ne don tsohuwa ta saki jiki.

Wani ya ce mini ai zakara ma nama ne. Na gode, malam. Gwaggo ƙwai ta je nema, wanda za ta riƙa ɗiba kullum tana sayarwa ta biya wa jikokinta kuɗin makaranta. Da ta kira ni jiya, cewa ta yi, "Ɗana, ƙyale shi, haka Allah ya tsara." Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci kafin na iya cewa, "To, Gwaggo."

Af, har na tuna. Tsakin nan da ake rina wa kore da ruwan hoda ana sayar wa yara lokacin Sallah, galibinsu zakarun da aka ware ne. Na saya wa ɗiyata biyu bara, ɗaya ya mutu a kwana uku, ɗayan ya girma ya addabi layinmu a Tudun Wada da cara tun ƙarfe uku na dare, har mai unguwa ya aiko a tambayi nawa zan sayar da shi.