Kaftu ɗaya ya ishi ƙasar Kumasi

Ranar da na fara taɓa ƙasar bayan gidanmu a Asokore Mampong, nan gefen Kumasi, da fartanyar da na taho da ita daga gida na sara. Bakinta ya yi tsalle ya dawo kamar na doki dutse, ƙota ta girgiza har cikin gwiwar hannuna, abin da ya ɓantare kuwa bai fi cikin cokali ba. Filin ɗan ƙarami ne, taku 12 a tsaye, 8 a kwance, kuma a nan magina suka kwaɓa siminti lokacin da ake ginin gidan. Bayan sun tashi aka yi shekaru ana shanya a wurin, yara na buga ƙwallo. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, ta daskare kamar daɓe.

Ni mutumin ƙasar Gumel ne, inda ƙasa ba ta gardama da ƙarfe. Jigawa ce, rairayi mai laushi, jiharmu ma daga nan ta samo suna. In ruwan shuka ya sauka, babba ya wuce gaba da sungumi yana sara yana tafiya, yara na biye da ƙoƙon iri, a jefa gero a rufe da diddige, kafin hantsi ya dubi ludayi an ci rabin gona. Noman firi da fartanya ake yi, ko da hauyar tsaye irin ta mutanen Damagaram, wadda ake turawa ƙarƙashin ciyawa ba sai an duƙa ba. Garma sai wajen huɗa. Kaftu kuwa, wato a daddage a sari ƙasa a juye ta, aikin 'yan fadama ne da masu rake. Har na bar gida hannuna bai san hauya mai nauyi ba.

Sai na nufi Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera inda duk ƙarfen da mota ta gaji da shi yake samun sabon aiki. Wani dattijon maƙeri ɗan arewacin Ghana, mai jin Hausa sarai, ya ƙera mini hauya da sifirin ɗin babbar mota. Faɗin bakinta bai fi tafin hannu ba, amma tana da kauri da tsawo, za ta yi kilo 2 ban da ƙota. Da zai miƙo mini ya ce, "Malam, kada ka ce za ka nuna mata ƙarfi. Ɗaga ta kawai ka sake ta, ita ta san hanya."

Wannan magana ita ce rabin aikin. Wanda ya saba da fartanya da damtse yake sara, sauri-sauri, a duƙe. In ya kawo wannan hannun kan babbar hauya, kafin ya gama taku biyu kwankwasonsa ya riƙe. Ita ana buɗe ƙafa ne, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a ɗaga ta daidai kafaɗa, hannun gaba ya zame ya sauko kan ƙota yayin da take faɗuwa. In bakin ya nutse, ba fizgowa ake yi ba, ɗan tura ƙotar ake yi gaba, sai ka ji ƙasar ta tsage daga ƙasa, hoge ya ɗago, ka juya hauyar ka buge shi da ƙeyarta. Da daddare a tsoma kanta a bokitin ruwa don icen ya kumbura ya kama ƙarfen, domin hauya mai nauyi in ta kwaɓe a sama ba ta zaɓen inda za ta faɗa. Sannan akwai lokaci. Wannan ƙasa mai yumɓu ce. In ta bushe ba ta saruwa, in kuma ka sare ta da laima sharkaf, hogen zai bushe ya koma bulo, sai ka yi wata kana fama da shi. Kwana biyu bayan ruwa nake dunƙula ta a hannu: in ta yi santsi kamar ta ginin tukwane, na bar ta, in ta dunƙulu kuma na matsa ta ruguje, ranar aiki ce.

Mako uku na yi, kullum daga sallar asuba zuwa lokacin buɗe shago. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta. Na fid da guntayen bulo da fasassun kwalabe da leda har buhu huɗu, ga saiwar tofa fara sol, mai tsini kamar allura, wadda in ka bar gaɓa ɗaya a ƙasa sai ta dawo da danginta. Wannan aikin babu abin da zai yi shi sai hauya mai nauyi, kuma har gobe ina nan a kan haka.

Inda na yi kuskure shi ne abin da ya biyo baya. Na share filin fes, na tara ciyawa na cinna mata wuta, na ja kunya santala-santala irin ta gonar babana, na shuka kuɓewa da alayyafo da lalo, wanda nan ake kira ayoyo. A wurinmu gonar da ta yi fes ita ce shaidar ɗan halak, wadda ciyawa ta rufe kuwa abin gori ce a dandali. Sai ga ruwan watan Mayu, dare ɗaya, kamar da bakin ƙwarya. Da safe kunyoyin sun kwanta, jan ruwa ya bi kwata da iri da taki da gumin mako uku. Rana ta fito ta gasa abin da ya rage, saman ya yi ɓawo. Mai gidanmu, wata dattijuwa 'yar Asante, ta tsaya a bakin filin ta daɗe tana kallo. Na gaishe ta, "Maame, kin ga abin da ruwa ya yi." Ta kira ni da sunan da suke kiran Musulmi, ta ce, "Kramo, ba ruwa ba ne. Kai ka tuɓe mata zane."

Da farko maganar ta sosa mini rai, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ni a lokacin kallon ƙyuya nake wa noman mutanen kurmi. Ka ga gona, rogo nan, gwaza can, agade a tsakiya, ganye da sassaben jiya zube a ƙasa, mai gonar kuma babu komai a hannunsa sai adda. Da adda yake sassabe, da bakinta yake tona ramin shuka. Har Ranar Manoma ta ƙasa, wadda aka fara a 1985, galibi ake yin ta ranar Juma'ar farko ta Disamba, adda ce ba ta fita daga cikin kyaututtukanta. Amma ai sun fi ni sanin ƙasarsu. Kumasi tana samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, kusan ninki biyu na namu, kuma damina biyu ce: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Albarkar ƙasar kurmi a sama take, 'yar baƙar shimfiɗa ce da ruɓaɓɓen ganye ya tara, kaurinta bai fi 'yan yatsu ba. Ƙarƙashinta jar laka ce da tsakuwa. Duk sanda ka juye ta da zurfi ka binne mai rai ka ɗago matacciya, in kuma ka bar ta tsirara ɗigon ruwa ya doke ta ya toshe mata ƙofofi, ruwan ya bi ta sama maimakon ya shiga ciki.

Mutanen Asante suna da tsohuwar dabara da suke kira proka: a sare ciyawa a bar ta a wurin ta ruɓe, ba wuta. A Amanchia, can wajen Nkawie, Dakta Kofi Boa yana da cibiyar da ake koya wa manoma noma ba tare da juya ƙasa ba, kuma tushen koyarwar ke nan, kada ƙasa ta kwana a buɗe.

Ba ina cewa iyayenmu sun yi wauta ba ne. Inda damina wata uku ce, kowace ciyawa kishiyar gero ce wajen ruwa, dole a fid da ita. Kara kuma yana da aikin yi, danni da rufi da makamashi, harawa kuɗi ce, ragowar dabbobi su kiwace su bar taki. Kowane abu da dalilinsa. Sai dai in na tuna jar guguwar bazara tana kwasar gonakinmu da suka yi wata shida a tuɓe, nakan ce ko a gida akwai abin dubawa a maganar Maame.

Akwai kuma waɗanda suka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, yawancinsu samari, masu cewa zamanin hauya ya wuce, a sayo maganin feshi a ƙone ciyawa a huta. Da su ma ban yarda ba. Feshi ba ya fasa daɓen da magina suka bari, ba ya tsince kwalba, kuma filin da ke bayan gida wurin wasan yara ne da kiwon kaji. Je ka Gyinyase kusa da jami'ar KNUST ka ga masu lambun latas da kabeji da albasa mai ganye: da hauya suke ɗaga fangalinsu, da kashin kaji suke ciyar da shi. Manoman doya na arewacin Ghana ma da babbar hauya suke tara tulin ƙasa. Kayan aikin yana nan da ransa. Abin da nake ja a kai shi ne a mayar da kaftu farillar kowace shuka a ƙasar da ba ta jure shi.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Mu mutanen zango fatauci ya kawo kakanninmu, goro da shanu, sai muka ɗauka noma na wasu ne. Wani tsoho da muke sallah tare yakan ba ni labarin zamanin Acheampong, shugaban mulkin soja na Ghana, wanda a 1972 ya kafa shirin kowa ya ciyar da kansa, ya ce a lokacin da wuya ka shiga gida ba ka ga masara ko kuɓewa a bayan ɗaki ba. Yau sunan Acheampong ya fi fitowa a bakin mutane in ana maganar wata ciyawa mai cin fili da aka laƙaba wa sunansa. Matanmu na sayen ayoyon miyar tuwon zafi ƙulli-ƙulli a kasuwar Aboabo, alhali ga kangon fili a bayan gida yana tara leda da sauro. In ka yi magana a ce ƙasar ta yi tauri. Ta yi tauri, gaskiya ne, amma taurin na mako uku ne.

Da ƙaramar damina ta zo na sake shiri. Na ɗaga fangali huɗu a gicciye da gangaren, masu faɗin da hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Na zuba ruɓaɓɓen kashin kaji a sama ban juya ba, na lulluɓe da busasshiyar ciyawa da ganyen agade da Maame ta sa jikokinta suka kwaso mini. Shuka kuwa da bakin adda, a buɗe ciyawar a tona a rufe. Shekara uku ke nan ban sake kafta wurin ba. In na ɗaga lulluɓin yanzu, ƙasar baƙa ce mai sanyi, tana na motsi a ciki, yatsa na shiga har gindinsa.

Hauyar tana rataye a bayan ƙofa, na shafe bakinta da baƙin mai. Takan sauko in zan haƙa ramin dasa agade, ko tofa ta leƙo daga gindin katanga. Makon jiya yaron maƙwabcinmu ya zo aro, babansa ya ba shi wani lungu a bayan shagonsu. Na ce, "Ɗana, bari sai jibi, ruwan jiya bai tsane ba. Kuma ciyawar da ka sare kada ka sa mata wuta, tara ta a gefe, zan zo in nuna maka inda za ta."